Yadda sunan shafin dala 12 ya koma dala 640 a gaban idona

Akwai abin da ya daɗe yana cina a rai, tun ƙarshen 2022, kuma duk lokacin da na ga wani matashi ya ɗora bidiyo yana cewa ku zo ku koyi saye da sayar da domen, wato sunan shafin intanet, ku yi kuɗi kuna kwance a ɗaki sai abin ya dawo min sabo. Shi ya sa yau na ce bari dai in zauna in rubuta.

Sana'ata haɗa wa mutane shafukan intanet ce a nan Kano, yawanci 'yan kasuwa da makarantu da ƙananan ƙungiyoyi. Cikin waɗanda na yi wa aiki tun farko-farko akwai wata Hajiya mai sayar da turaren wuta da humra, mace ce mai himma sosai, ita da kanta ta zaɓi sunan shafin, kalmomin Hausa ne guda biyu masu daɗin faɗa sai .com a ƙarshe. Shekara shida tana amfani da shi. Ta buga shi a jikin kwalabe, ta buga a leda, yana kan allon shagonta, wasu jaridun intanet ma sun taɓa rubutu a kanta sun sa linkin shafin, haka masu rubutu kan kayan ƙamshi daga waje su ma sun sa. Duk shekara abin da ake biya don riƙe sunan bai wuce dala 12 zuwa 15 ba.

To a 2022 kowa ya san halin da aka shiga da katin naira, bankuna suka rage abin da mutum zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya. Katin da aka ɗaura wa sunan don ya riƙa sabunta kansa ya ƙi wucewa. Kamfanin da muka yi rajistar sunan a wajensa ya turo saƙonnin gargaɗi, wannan kam ba zan ce bai turo ba, amma imel ɗin da muka yi rajistar da shi tun farko wani tsohon imel ne nata da ta daina buɗewa tun da ta canza waya. Ni kuma da ya kamata in sa ranar ƙarewar a kalandata ban sa ba, wannan laifina ne kuma har yau ina jin nauyinsa. Shafin ya ɗauke, ita ta ɗauka matsalar netwok ce tunda cinikinta mafi yawa ta WhatsApp da Instagram yake zuwa, sai da aka shafe sama da wata guda wata kwastomarta daga Abuja ta ce mata shafinki fa talla kawai yake nunawa.

Ta kira ni da daddare, ta ce Malam lafiya shafin nan, an ce ya koma wani abu daban. Na ce Hajiya bari in duba yanzu in sha Allah ba komai. Ina buɗewa na ga sunan yana cikin gwanjo, saura kwana biyu a rufe, mutum uku sun riga sun taya.

Bari in ɗan tsaya nan in bayyana yadda abin yake tafiya, don mutane da yawa suna ɗauka in ka sayi domen ya zama naka kamar yadda za ka sayi fili a ba ka takarda. Haya ce. Kana biyan shekara ɗaya zuwa goma, in ta ƙare ka sake biya. Duk wani suna mai .com a duniya, kuma sun haura miliyan 150, yana cikin kundin wani kamfanin Amurka ne mai suna Verisign, shi yake sayar wa kamfanonin rajista a farashin sari, a Satumbar 2024 ya koma dala 10.26 a shekara, su kuma su ɗora ribarsu su sayar mana. Hukumar ICANN mai kula da tsarin sunayen intanet na duniya ita ke shimfiɗa ƙa'idojin. In wa'adinka ya ƙare ba nan take ake ƙwacewa ba, akwai kwanakin alfarma da za su iya kaiwa 45 da kamfanin rajista yake riƙe da sunan, in ya sake shi sai a shiga kwana 30 na fansa wanda za ka iya dawo da kayanka amma da tara mai zafi, sau da yawa dala 80 ko fiye, sannan kwana 5 na jiran gogewa wanda ba mai iya taɓa shi, sai a sake shi ya koma na kowa.

A takarda ke nan. A zahiri suna mai kyau ba ya bin wannan doguwar hanyar. Tun cikin kwanakin alfarmar nan kamfanin rajistar yake kai shi gwanjo, ko dai nasa na kansa kamar yadda GoDaddy da Dynadot da Namecheap suke da shi, ko ya miƙa wa abokan hulɗa irin su NameJet da SnapNames. Wato sunan bai ma faɗo ƙasa ba an riga an kira masu saye. Kuma abin da ya fi ba ni haushi a duk tsarin shi ne kuɗin gwanjon, ko dala 50 ne ko dala dubu 50, a mafi yawan kamfanoni wanda ya yi shekaru yana gina sunan ba ya samun ko sisi. Kamfanin da ya karɓi dala goma sha wani abu a hannunka kowace shekara shi ne zai kwashe duka. Ka yi tunanin mai gida ya ba ka hayar shago, ka shekara shida kana tara kwastoma har layin ya san shagon da sunanka, ka makara biyan haya wata ɗaya da 'yan kwanaki, sai ya yi gwanjon shagon har da allon sunanka da kwastomominka ya zuba kuɗin a aljihu. A Kantin Kwari in aka yi haka sai shugabannin kasuwa sun zauna a kai.

Waɗanda suka kuɓuce wa wannan gwanjon suka kai ranar gogewa kuma akwai wasu masu jiransu. Ana sakin sunayen .com kullum da misalin ƙarfe biyu na rana agogon gabashin Amurka, wato wajen bakwai zuwa takwas na dare a nan, kuma kada ka ce za ka zauna da wayarka ka riga kowa, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya ake cafkewa. Kowane kamfanin rajista yana da iya adadin ƙofofin da zai ƙwanƙwasa wa Verisign a lokaci guda, to sai masu wayo suka ce bari mu buɗe kamfanonin rajista da yawa. DropCatch, wanda yake gida ɗaya da HugeDomains a jihar Colorado, yana da kamfanonin rajista sama da dubu ɗaya, kusan duk ba su da wani aiki sai wannan ƙwanƙwasar ta daƙiƙa ɗaya. In ka ba su oda dala 59 ce, amma in ku biyu ne ko fiye kuka nemi suna ɗaya sai a buɗe gwanjon kwana uku kowa ma ya shigo.

Mu koma daren nan. Ba ni da katin da zai yi aiki, sai da na je wajen wani abokina mai asusun dala ya ara min nasa. Washegari na je shagon Hajiya na yi mata bayani ido da ido, na ce ranki ya daɗe sakacina ya shiga ciki, amma yanzu sai dai mu taya kamar kowa. Ta yi shiru sannan ta ce, kayana ne kuma zan saya? Na rasa amsar da zan ba ta. Ta ce in je har dala 300, ni kuma na ƙudurta a raina zan ƙara 300 daga aljihuna.

Ranar rufewa tayin yana kan dala 85. Saura minti goma na sa 90, nan take ya koma 95, ba mutum ba ne yake dannawa, akwai tsarin da za ka faɗa wa na'ura iyakar abin da za ka iya biya ita kuma ta riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka wuce ka. Na sa 150, ya koma 155. Kuma duk tayin da ya shigo a mintunan ƙarshe sai a ƙara wa agogon wasu mintuna, saboda haka gwanjon da ya kamata ya ƙare a lokaci ɗaya sai da ya ja kusan awa guda, ina zaune ina zufa ina lissafi da canjin Wapa, dala a lokacin tana wajen naira 740. Da muka wuce 300 sai wasu sababbin lambobi biyu suka shigo waɗanda ban gan su ba tun farko, daga baya na fahimci cewa da zarar suna ya fara samun tayi da yawa yana hawa saman jerin waɗanda ake rububi, su kuma manyan 'yan harkar suna da manhajojin da ke bin wannan jerin, ba ruwansu da ma'anar sunan, ganin mutane suna so ya ishe su hujja. Wato tayina da kansa shi ya kira min abokan hamayya. Na tsaya a 600. Aka rufe a 640, sama da naira dubu 470 a canjin ranar, a kan sunan da da an biya dala 15 wata biyu baya da shikenan.

Abin da na yi ta tambayar kaina shi ne me wani mutum da bai san Hausa ba zai yi da kalmomin Hausa biyu da suka shafi turare. Bayan sati uku na samu amsa, na buɗe na ga shafin caca ne da yaren Indonesiya, launuka na ta walƙiya. Ba sunan suka saya ba, tarihinsa suka saya. Google yana auna darajar shafi da abubuwa da dama, babba a ciki shi ne wasu shafuka nawa ne masu mutunci suke nuno shi da linki, to linkin jaridun nan da suka yi rubutu a kan Hajiya suna nan ba su goge ba, duk wanda ya mallaki sunan ya gaje su. Akwai kamfanoni irin su Moz da Ahrefs da Majestic da suke ba kowane suna maki a kan haka, akwai shafuka irin ExpiredDomains.net da za ka tace sunaye dubbai da wannan makin cikin minti ɗaya, saboda haka sunan makarantar da ta rufe, ko ƙungiyar agaji da tallafinta ya ƙare, ko jaridar da ta durƙushe, su ne nama a wannan kasuwar. Abin ya yi yawa har sai da Google a watan Maris na 2024 ya sa shi cikin laifukan da yake hukunta shafi a kansu, wato sayen tsohon suna a cika shi da tarkace don a ci darajarsa ta baya. Ya rage wani abu amma gwanjon bai mutu ba, masu caca ba su damu sunan ya yi shekara ba, in ya yi musu aiki wata uku sun mayar da kuɗinsu su jefar su sayi wani.

Kuma akwai abin da ya fi caca tsoro wanda ba a cika magana a kai ba. Wanda ya mallaki domen ya mallaki duk imel ɗin da ke ƙarƙashinsa. In da ka buɗe asusun Facebook ko na wani wajen biyan kuɗi da imel mai sunan kamfaninka, sabon mai sunan zai iya buɗe irin wannan adireshin ya ce ya manta fasuwod, saƙon ya zo masa. Daren da muka rasa gwanjon ban yi barci ba sai da na bi duk asusun Hajiya ɗaya bayan ɗaya na canza imel ɗin.

Mantuwa kam ba ta bar kowa ba. A Disambar 1999 Microsoft ya manta bai sabunta passport.com ba, masu Hotmail suka kasa shiga, wani mai suna Michael Chaney ya biya dala 35 daga aljihunsa ya sabunta musu. A 2015 wani tsohon ma'aikacin Google, Sanmay Ved, ya ga google.com a buɗe ya biya dala 12 ya riƙe shi na kamar minti ɗaya, suka karɓe suka ba shi tukuicin dala 6,006.13, da ya ce sadaka zai yi suka ninka. Mutane suna son ba da waɗannan labaran don daɗinsu, ni abin da nake gani a ciki shi ne babba in ya yi sakaci kayansa suna dawo masa cikin awa, ƙarami kuwa sai dai ya shiga layi ya taya kayansa. Akwai hanyar ƙara ta ICANN da aka kafa tun 1999, amma kuɗin shigar da ita a WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Geneva, dala 1,500 ne kafin ka biya lauya, kuma sai ka nuna kana da haƙƙin tambarin kasuwanci a kan sunan, ka nuna wancan ba shi da wata alaƙa ta halal da shi, ka kuma nuna da mugun nufi ya yi rajista yake amfani da shi. Hajiya rajistar sunan kasuwanci kawai take da ita, kalmomin kuma na kowa ne a Hausa. Ba mu ko fara ba.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, wanda shi ne ainihin dalilin rubutun nan. Bayan abin ya faru sai na shiga karatun harkar sosai, kuma ba zan ɓoye ba akwai lokacin da na ji ni ma ina so in gwada, don labaran da ake yaɗawa suna da jan hankali. Business.com dala miliyan 7.5 a 1999. Voice.com dala miliyan 30 a 2019, MicroStrategy ya sayar wa Block.one. Chat.com Dharmesh Shah ya saya dala miliyan 15.5 a 2023 daga baya ya koma hannun OpenAI. Duk gaskiya ne. Amma duba su da kyau, kalmomin Turanci ne guda ɗai-ɗai da aka yi wa rajista tun da daɗewa, masu su kuma ba a gwanjon sunayen da suka ƙare suka tsince su da dala 200 ba. Masu koyar da harkar a bidiyo su nuno maka waɗannan sannan su kai ka inda ake rububin ragowar.

Ga lissafin da ba sa yi maka. Su kansu tsofaffin 'yan harkar abin da suke faɗa shi ne cikin sunaye ɗari da ka ajiye ɗaya ne zuwa biyu suke fita a shekara, wannan ma in sunayen masu kyau ne. To ka ce ka tara ɗari, kowanne ka same shi a dala 100 a gwanjo, dala dubu 10 ke nan ta tafi. Duk shekara sai ka sabunta su, a ƙalla dala 1,100 zuwa 1,200, in dala tana naira 1,500 kana maganar sama da miliyan ɗaya da dubu 600 kowace shekara ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba. Ka sayar da biyu a dala 1,500 kowanne, dandalin da ya sayar maka ya cire la'adarsa kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari, abin da ya rage ka cire kuɗin sabuntawa, ka ga shekara nawa za ka yi kafin uwar kuɗinka ta dawo. Hatsi in ka ɓoye shi ko bai yi tsada ba za ka ci, fili ko awon igiya ne yana nan za ka gan shi, shi wannan ranar da ka kasa biyan haya ya koma wajen wanda ya sayar maka ya sake yin gwanjonsa ya sake cin kuɗi. Kamfani yana ci ranar da ka saya, yana ci duk shekara, yana cin la'ada in ka sayar, yana ci in ka gaji ka saki. Kuma wasunsu suna cikin kasuwar da kansu, GoDaddy a 2020 ya sayi tarin sunayen Frank Schilling kusan dubu 350 ya haɗa da nasa.

Sai kuma na'urar ƙiyasi, ita ce ta fi yaudarar sabon shiga. A gefen kowane suna za ka ga an rubuta wai darajarsa dala 2,400 alhali tayin yana kan 40, sai zuciyarka ta ce wannan ai banza ta faɗi. Lambar nan manhaja ce ta fitar da ita daga kamanceceniya da sunayen da aka taɓa sayarwa, ba wani mai saye ne a tsaye da kuɗin a hannu ba, kuma sau da yawa mai gwanjon ne da kansa yake nuna maka ita. Dillalin da zai ci la'ada shi ne yake gaya maka darajar kaya. Masana tattalin arziki ma suna da magana a kan irin wannan gwanjon, wasu injiniyoyin kamfanin mai na Atlantic Richfield ne suka fara rubuta ta a 1971 a kan gwanjon rijiyoyin mai, cewa idan mutane da yawa suna taya abin da ba wanda ya san ainihin darajarsa to wanda ya yi nasara yawanci shi ne wanda ya fi kowa kuskuren ƙiyasi zuwa sama.

An kuma ga yadda kumfar take fashewa. A 2015 kuɗin 'yan Chaina suka kwararo cikin harkar, suna sayen duk wani .com mai harafi huɗu da ba shi da wasali ko harafin v, da masu lambobi zalla, mai 8 ya fi tsada don suna ganin sa'a ce mai 4 ba a so don furucinsa ya yi kama da mutuwa a yarensu. Sunayen da ba su da wata ma'ana suka tashi daga 'yan ɗaruruwa zuwa wajen dala dubu biyu cikin watanni, ba don wani zai gina shafi a kai ba, kowa yana saye ne don ya sayar wa na bayansa. A 2016 farashin ya rikito, waɗanda suka shigo a ƙarshe suka zauna da kaya da kuɗin haya a wuya. Yanzu kuma yayin sunaye masu ƙarewa da .ai ake, wanda asalinsa na tsibirin Anguilla ne mai mutane wajen dubu 16, a 2023 kaɗai gwamnatinsu ta samu kusan dala miliyan 32 daga sunayen. Su kam sun ci riba ta gaske kuma ina taya su murna, don ko mai saye ya ci ko ya faɗi su an biya su.

Abu na ƙarshe da ya sa na janye hannuna gaba ɗaya shi ne ba ka ganin wanda kuke tayi da shi, lamba ce kawai ko sunan bogi. A Nuwambar 2009 SnapNames da bakinsa ya sanar cewa wani babban ma'aikacinsa ya shafe shekaru tun 2005 yana shiga gwanjon kamfanin da sunan halvarez yana tura farashi sama, abin ya shafi kusan kashi 5 cikin ɗari na gwanjon da aka yi a tsawon lokacin, har sai da suka biya mutane diyya. Wannan shi ne najashi da muka karanta a littattafan fiƙihu, mutum ya taya kaya ba don yana so ba sai don ya ɗaga wa wani, kuma hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim ya zo da hani a kansa ƙarara. Gwanjo shi kansa malamai sun halatta, ba ina cewa duk mai sayar da domen mai laifi ba ne, wanda ya zauna ya ƙirƙiro suna mai kyau ya yi masa rajista wani kamfani ya zo ya saya, wannan ciniki ne. Amma a kasuwar dabbobi in ana taya sa kana ganin fuskar mai tayin, ka san ko ɗan baranda ne ko yaron mai kayan ne, a nan kuwa ba ka da hanyar sani sai abin da kamfanin ya ga damar faɗa maka. Ba na zargin kowa a kan gwanjon da na shiga, wataƙila duk masu saye ne na gaske, abin da nake cewa shi ne ban da yadda zan tabbatar.

Tun daga lokacin na canza yadda nake aiki. Duk wanda zan haɗa wa shafi da imel ɗin da yake buɗewa kullum nake rajista, ba imel ɗin da ke ƙarƙashin domen ɗin kansa ba don in ya mutu tare za su mutu, in yana da hali mu biya shekara uku ko biyar a tashi ɗaya, ranar ƙarewa kuma tana kalandata tana tasa. Waɗanda kwastomominsu duk a gida suke ina ba su shawarar .com.ng ko .ng da NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, ke kula da su, tunda da naira ake biya ta hannun kamfanonin gida ba sai an nemi katin dala ba, shi ma yana ƙarewa in aka yi sakaci amma aƙalla canji ba zai hana ka biya ba. Makarantu da ƙungiyoyi su na fi jin tsoro, don yawanci wani ɗalibi ne ko ma'aikaci ya yi rajistar da imel ɗinsa ya bar wajen shekaru, ba wanda ya san ma ina makullin yake.

Hajiya mun buɗe mata sabon suna, kusan irin na da da ƙarin kalma ɗaya. Kwalabe da ledojin da ta riga ta buga sun fi dubu uku, ba ta iya zubar da su ba, sai sitika muka buga yaranta na shago suka zauna suna liƙawa a kan tsohon sunan ɗaya bayan ɗaya, ni ma na zauna na taya su yini biyu. Allon shago aka sake fenti. Na rubuta wa jaridun da suka taɓa sa linkinta ina roƙon su canza, biyu suka amsa suka gyara, sauran har yau linkinsu tsohon wajen yake kaiwa. Shafin cacar bai kai wata biyar ba ya ɓace. Jiya kafin in fara rubutun nan na sake buɗe sunan, yanzu fari ne fes ba komai a kai sai rubutu ɗaya da Turanci cewa na sayarwa ne, dala 2,995, ko a biya kaɗan-kaɗan duk wata.